Baitin Auta

A ɗakin ɗaukar waƙa ta same shi, wanda aka manne bangonsa da kwalin ƙwai. Ya tashi yana murmushi, ita kuwa ko zama ba ta yi ba.

"Gobe kawuna zai je wajen Abba kan maganar aurenmu," ya ce.

"Kada ka wahalar da tsoho."

Ya dube ta, ta dubi makirufo. Ta nan ya rera gambarar zamanin da ya yi a kan Auta, ƙaninta da ƙwaya ta kashe.

"Har a aji malamai ke saka ta. Yara nawa suka daina sha saboda waƙar nan?"

"Na sani. Jiya suka wuce ƙofarmu suna rera ta suna tsalle. Umma na shanya, ta saki zanin ta shige ɗaki."

"Ai ban kama suna ba."

"Ka faɗi rigar da aka tsince shi da ita." Ta juyo ta dube shi. "Ranar da na ba ka labarin, na ɗauka rarrashina kake. Ashe baiti kake haɗawa."

Ta fita, ta ja ƙofar a hankali kamar yadda ya koya mata, don kada ta ɓata masa ɗauka.