Turmin Iya Delu

Shekarar da kwanon gero ya gagari talaka, ina 'yar shekara tara a ƙauyenmu kusa da garin Babban Mutum. Baba ya sayar da awakinmu ya tafi Kano neman aiki, rumbu kuwa ko ɓera ya daina leƙa shi.

Wata rana bayan la'asar, Inna ta jawo turmi tsakar gida, ta miƙo mini taɓarya. Na leƙa ciki, babu ko ƙwaya.

"Inna, me za mu daka?"

"Daka kawai. So kike maƙwabta su ji mu shiru, su san asirinmu?"

Muka kama lugude. Turmin da babu hatsi ƙararsa daban ce, busasshiya, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Can sai aka amsa mana daga bayan katanga, daga gidan Iya Delu, tsohuwar da aka binne tun kafin azumi aka garƙame gidanta. Ƙara irin tamu sak, tana faɗawa daidai tsakanin bugunmu, kamar mu uku ne a turmi ɗaya.

Na tsaya cak da taɓarya a hannu. Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Kar ki tsaya," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Haka ta yi ta yi har ta rasu, mu kuwa muna ta cewa Iya na da hatsi."

Yau na girma, ina da buhunan hatsi a ɗaki. Amma har yanzu in na ji daka a maƙwabta, sai na ajiye komai na kasa kunne.