Sitacin Baba Tanimu

"Baba, har yanzu da sauran furotin a ciki. Sai an sake wankewa."

Karo na uku ke nan ina faɗa wa Baba Tanimu haka. Shi ke kula da injin da ke raba sitacin masara da dusa a kamfaninmu na Kakuri, ni kuma nake gwadawa kafin a kai wa masu haɗa magani.

Wata takwas ina aiki a ɗakin gwaji ni kaɗai, in koma ɗakina a Narayi ni kaɗai. Duk wanda ya kawo samfur ta taga yake miƙowa. Baba ne kawai ke shigowa ya zauna, mu yi hira har sakamako ya fito.

Ranar Alhamis na ji manaja na daka masa tsawa: in kayan ba su tsallake gwaji gobe ba, ya nemi wani aikin. 

Da Baba ya shigo, na kasa kallonsa.

"Baba, ka yafe mini. Tun Litinin sitacin nan tas yake. Ƙarya na yi don ka riƙa dawowa."

Ya ja kujera ya zauna.

"Rifkatu, shekara ashirin ina wannan aikin, da yatsa nake gane mai tsabta. Ban sake wanke komai ba, na Litinin ɗin nake dawo miki da shi. Tunda matata ta rasu, ke kaɗai ke tambayata ko na ci abinci."