Kurar Talbijin

Ihun yara wani manomi ya jiyo daga gonar auduga, ya taho a guje. Ga kura ta danne 'yar autarsa a gindin rumbu. Bai yi wata-wata ba, ya sauke wa kurar gatari a gadon baya, ya ƙara a wuya.

"Wayyo baba, mutum ne a ciki!" in ji wani mai ɗaukar hoto da ke gefe. "Wasan yara muke ɗauka na talbijin!"

Jini na tsartuwa ta ɗinkin fatar. Manomin ya yaye kan kurar.

Tsagar gidansu ya fara gani a kumatu. Shi ya riƙe wa wanzami kan nan ranar da aka yi tsagar. Ɗan farinsa ne, wanda ya ce aikin gwamnati yake yi a Kaduna.