Allurar da Sai an Tafasa

Sai bana, a ajin yaƙi da jahilci, na iya rubuta sunan allurar: adirenalin.

Ina yaro ƙudan zuma suka harbi Baba a gonarmu ta bayan Gaya. Kafin mu isa ɗakin shan magani maƙogwaronsa ya kumbura, numfashinsa na fita kamar usur.

Malamin asibiti ya jefa sirinjin gilashi a tukunya, ya ce sai ya tafasa.

Inna ta durƙusa. "Malam, don Allah soka masa haka nan!"

"Baiwar Allah, fifita wutar."

Da mayafinta ta fifita, tana kuka.

Allurar ta shiga cinyarsa. Can Baba ya ja iska, ya dubi Inna.

"Ke, mayafinki na cin wuta."