Abin da Rabe Ya Kawo daga Funtuwa

Rabe ya juye aljihunsa a kan tabarma, wasu 'ya'yan itace masu launin ruwan goro suka gangaro. Wani direban Kurmi ne ya ba shi a Funtuwa, inda ya kai audugar uwarsa Marka.

Aka taru a kansu. Wata ta ce kanya ce ta ƙoshi, wata ta ce tsada ce irin ta Kudu. Rabe ya gatsa ɗaya da ɓawonsa, farin danƙo ya liƙe masa leɓe, ya tofar yana yamutsa fuska.

"Abin da ba ka san sunansa ba, ba ka kai shi baki," in ji Marka.

Bilki tana gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Tun kakar bara take gidan. Marka ta gaya wa mutanen ƙauye 'yar ƙanwarta ce daga wajen Ɗanja, iskoki suka kama mata harshe. Ba wanda ya taɓa jin muryarta. In an miƙa mata tuwo ta ci, in an manta ta zauna. Gishiri da ƙasa ɗaya ne a bakinta. Ko ranar da garwashi ya faɗa mata a ƙafa, kallonsa kawai ta yi.

Ɗaya ya gangaro ya tsaya jikin ƙafarta. Hannunta ne ya ɗauka, ba ita ba. Ta murza shi tsakanin tafukanta har ya yi laushi, ta matse shi ta gindi ya tsage, ta zuƙe ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya.

Tsamin ya sauko mata har muƙamuƙi. Idonta ya ciko.

Maƙwabcinsu Mati yana tsugune bakin ƙofa. Shi ne wanda ya je Funtuwa ranar da gari ya yamutse, ya dawo da keken ɗinki a ka, har yau bai faɗi inda ya saya ba. Ya zuba wa Bilki ido.

"Inna Marka, 'yar nan taki ta san abin nan. A Ɗanja ake shuka shi?"

Bilki ta ji ƙwallon ya tsaya mata a baki, ta kasa tofarwa, ta kasa haɗiyewa.

Marka ba ta ko ɗago kai daga tukunyar da take kankarewa ba.

"Mai iskoki ai har wuta takan ci. Ko za ka tambaye su da kanka? In kira maka su yanzu."

Mati ya miƙe, ya ce yana da aiki a gona.

Da kowa ya watse, Marka ta tattara sauran ta zuba wa Bilki a cinya, ta zauna kusa da ita.

"Babu kowa, 'yata. Yaya sunansa?"

Muryar Bilki ta fito a dusashe.

"Udara."

Haka ake kiransa a garinsu, can ƙetaren kogin Kwara, inda uwarta ke da bishiyarsa a ƙofar gida. Ita ce kalmar farko da Obiageli, wadda Marka ta sa wa suna Bilki, ta furta tun ranar da aka kashe mijinta a shagonsa na Funtuwa, Marka ta fito da ita daga garin a ƙarƙashin buhunan auduga.