Idon Hindu

Kafin rana ta take, an riga an jera mazan garin a bakin masallaci, hannuwa bisa kai, ƙasa tana gasa musu tafin ƙafa.

Mutum ɗaya ake nema. Tun da ruwan madatsar Bakolori ya haɗiye gonakin Maradun, manoma suka tare hanyar madatsa, aka yi harbin da aka yi, masu kaki ke bin ƙauyuka suna cigiyarsa. Ba su da hotonsa, ba su san sunansa na yanka ba. Iyakar abin da suka sani, ana ce masa ɗan Hindu, kuma shi ya nuna wa manoma ƙofar ruwan da za su ɗaure da sarƙa. In aka kama shi, ba kotu za shi ba. Wannan kam ko jariri ya sani.

Ogan nasu baƙo ne, Hausarsa ba ta wuce "zo" da "tafi" ba. A tashar Talata Mafara ya tsinci tafinta, wani Falalu, tsohon leburan madatsa mai hular kwano, wanda ya kwashi Turancinsa a bakin Turawan aiki, har da ashar ɗin. Shi ne ma ya kawo kansa. Oga ya ji daɗinsa ƙwarai.

Da mazan suka ƙi buɗe baki, sai Oga ya sa aka jawo tsohuwa Hindu daga cikin gida, da garin tuwo a hannunta. Ya ce ba ya bukatar maganarta, idonta zai duba. Wai bai taɓa ganin uwar da ta ga ɗanta a bakin bindiga idonta bai tona ta ba.

Ya jefo kalmomi biyu ya ce a fassara. A Turanci, kalmar gane fuska daban take, kalmar amsa laifi daban. Falalu ya san su sarai. Ya kuma san cewa a bakin mutumin nan duka biyun bayan mota suke kai mutum.

"Inna," in ji Falalu, "an ce ki duba mutanen ga ɗaya-ɗaya, ki hwaɗi su wa da wa."

Ba ta juyo ba. Ta ja gefen mayafi ta kare fuskarta daga wajensa, ta ce wa iska, "A gaya mishi na ji."

Ta soma daga farkon layi, tana ɗaga kai tana kallon kowa tsakar ido.

"Wanga Abdu na, ɗan Nasidi. Wanga Sambo na, mai shanu. Zubairu, har da kai? Da ƙahwarka guda wace hanya ka tare?"

Ba wanda ya yi dariya. Oga yana biye da ita taku-taku, hannunsa a kan bindigar ƙugu, hancinsa kamar zai taɓa kuncinta.

A gaban wani dogon magidanci ta tsaya. Ta daɗe. Aka ji ƙarar ɗana bindigogi, ƙas-ƙas, mutumin ya fara salati a hankali.

"Balarabe, ɗan Larai," ta ce. "Gyara wuyan rigarka, kamar wanda bai da uwa."

Ta wuce. Har ƙarshen layi idon nan a bushe yake ƙayau.

Oga ya yi tsaki, ya juya zai tafi, sai kuma ya tsaya. Ya kalli tsohuwar, ya kalli tafintansa. Ya tambaya me ya sa ko sau ɗaya ba ta dubi inda tafintan yake ba.

 

Falalu ya cire hular kwano ya share gumi. Ya ce, "Oga, wanda ya ɗauki siminti ya gina abin da ya cinye musu gona, a garin nan kare ya fi shi daraja."

Oga ya tuntsire da dariya, ya bubbuga masa kafaɗa, ya ce kada ya damu, ya hau gaban mota, akwai sauran ƙauyuka ta wajen Bakura.

Motoci suka tashi. Hindu ta koma kan tuwonta ba ta waiwayo ba.

Oga ya tafi da tabbacin cewa idon uwa ba ya ɓuya. Ba wanda ya gaya masa cewa a ƙasar nan mace ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta kuma kama sunansa, ko da kuwa yana tsaye kusa da kai yana yi maka tafinta.