Minti Goma na Mama

Kofin shayin ya daki bango ya tarwatse da ƙarfe tara da kwata na safe. Malama ta duba agogo, ta rubuta lokacin a littafi, sannan ta ɗauko tsintsiya.

Minti goma kafin nan, wannan tsohuwar da ta yi jifan, mahaifiyarta, ita ce dai ta riƙe mata hannu tana sa mata albarka har da ƙwalla, ita kuma tana zaune bakin gado da gilashin karatu a hanci tana ware ƙwayoyin hawan jini. Ta ajiye komai ta je kicin ta dawo ke nan, sai aka ce mata muguwa, aka ce jira take a mutu ta ci gado. Wane gado kuma? Ɗaki biyu ne na haya a hawa na uku, da firiji mai gurnani.

Wata bakwai ke nan tun da Mama ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu. Malama ta ɗauki hutu daga makarantar da ta shekara goma sha shida tana koyar da lissafi, ta tare a nan. Iyakar tafiyarta yanzu kantin magani ne, shi ma a guje, ƙofa a kulle. Ta taga take ganin yara suna wucewa da jakunkuna, wani lokaci har ta tsinci kanta tana ƙirga su. Ta gaji, wallahi ta gaji.

Ƙaninta direban babbar mota ne, taimakonsa duk a waya yake. Shi ya yi bincikensa ya yanke hukunci daga nisan kilomita dubu: ciwon nan ne na sauyin hali da ake kira bayifola, a ba ta magani kawai. Auta kuwa, 'yar lelen gida, mai ido huɗu kamar yadda suke tsokanarta saboda gilashinta tun tana firamare, aure ya kai ta wata ƙasa. Shekara biyar ba ta leƙo ba, ko kira sai in ta ga dama.

Malama ta so maganar ƙanin nata ta zama gaskiya, don ciwo mai suna yana da magani. Amma likita ya girgiza kai. Ya ce wancan ciwon ba ya juyawa cikin minti goma. Kwanaki yake ɗauka ko makonni, mutum ya hau sama ya daina barci, daga baya ya faɗo ƙasa. Kuma da wuya ya fara a shekara saba'in da takwas. Ya ce akwai gwaje-gwajen da za a yi wa tsohuwar wata mai zuwa. Kafin nan ta riƙa rubuta lokacin kowane sauyi, da abin da ya faru gab da shi.

Malamar lissafi aka ba wannan aiki, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ta ja layi, ta yi jadawali. Ta zargi sukari, ta zargi zafi, ta zargi ƙarar injin maƙwabta. Babu wanda ya tsaya. Abin da ta iya gani kawai shi ne, Mama takan yi laushi lokacin shan magani, da lokacin da ake karanta mata jarida, da ranar da Malama ta zauna ɗinke mata maɓalli. Sai ta ce a ranta, to, kusanci take so.

A nan igiyar ta ɗaure ta. Mama ba ta taɓa zama uwa mai rarrashi ba, ga Malama dai. Shekara arba'in da huɗu tana kawo na ɗaya, tana kawo albashi, ko sannu ba ta samu ba. Yanzu ga shi ana shafa mata kai ana ce mata 'yar albarka. Ta yarda cewa wannan ita ce Mama ta gaskiya da ta daɗe a ɓoye, mai jifa da kofin kuwa ciwo ne. Minti goma ne a yini, wani lokaci ashirin, amma tana jiransu kamar mai jiran ruwan famfo.

Ranar Alhamis shugaban makaranta ya kira. Haƙurinsu ya ƙare: ko ta dawo Litinin, ko a ba wani ajinta. Ƙaninta ya ce ya samo wata mata mai jinya, mutuniyar kirki, Malama ta koma aikinta kafin ita ma ta zare. Malama ta yi kwana biyu tana saƙawa tana kwancewa. Tana son allon nan da ƙurar alli kamar ranta. Amma ta bar wa baƙuwa mintocin da ta jira tun tana yarinya?

Asabar da la'asar ta zauna a kujerar gefen gado, ta saka gilashinta, ta rubuta takardar ajiye aiki a waya. Sau uku ta karanta. Ta danna, saƙon ya tafi.

Da ta ɗago, Mama na kallonta da wannan fuskar mai taushi.

"Zo nan, 'yar albarka."

Malama ta durƙusa, ta kwantar da kai a kan bargon, hawaye na zuba.

"Na bar aikin, Mama. Ba inda za ni. Ina nan tare da ke."

Tsohuwar ta shafa mata kumatu, ta saci kallon ƙofar kicin, sannan ta jawo ta kusa ta rage murya.

"Allah ya yi miki albarka, Auta. Maza ki fitar da ni daga gidan nan kafin yayarki ta dawo."